Gishiri a Tsohuwar Rijiya

Ranar da aka fara jifan, Sharifa tana tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, rana kuwa ta riga ta faɗa bayan duwatsun da ke yammacin Tungan Dawuda. Damina ta yi nisa. Ganyen doya ya lulluɓe sanduna a gonakin bayan gari, iska ta tsaya cak, irin tsayawar da takan yi idan hadari yana haɗuwa a wani wuri mai nisa. Mijinta Garba ya kashe injin niƙansa ya tafi masallaci. 'Yarsu Na'ima tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, tana naɗe wayoyin cajin da ta kwaso daga shagonta.

Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Ƙara ɗaya ce, mai nauyi. Abin ya gangaro a hankali yana bin layin kwanon, ya faɗo tsakar gida kusa da turmi. Dutse ne baƙi, girman dunƙulen hannu. Sharifa ta zaci yara ne ke harbin tsuntsu, ta ɗaga murya ta yi faɗa ta saman katanga. Ba wanda ya amsa, ba ta kuma ji gudun kowa ba. Na'ima ta tashi ta ɗauki dutsen don ta jefar da shi waje, sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga ƙasan ruwa, alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Wani farin abu ya manne a gefensa. Ta lakata ta kai harshe. Gishiri ne.

Har liman ya sallame sallar magariba duwatsu suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana hutawa a tsakani. Kaji suka shige akurki tun ba a kore su ba. Da duhu ya gama rufe gari, jifan ya tsaya.

Garba ba ɗan asalin ƙauyen ba ne. Aikin layin dogo ne ya kawo kakansa Minna, a can aka haifi ubansa, a can aka haife shi. Da zaman birni ya yi masa ƙunci sai ya sayi fili a Tungan Dawuda, wani ƙauye da ke gaba da Maikunkele inda 'yan Gbagyi da Nufawa da Hausawa suke zaune a cakuɗe, ya kafa injin niƙa, ya kama noma. Ƙauyen yana da rufin asirinsa, sai dai babu sabis. Duk mai son kiran waya sai ya hau wani dutse a bayan makarantar firamare, ya ɗaga hannu sama yana juyi, in ya yi sa'a ya samu ya gaisa kafin layin ya yanke.

Na'ima ce ta kawo ƙarshen wannan wahalar. Ta yi karatun kwamfuta a Minna, ta dawo gida, ta ji labarin wani ƙaramin kamfani da ke kafa ƙarfen sabis mai aiki da hasken rana a ƙauyuka, yana ba da intanet da arahar da manomi zai iya. Ta yi ta zarya tsakanin ofishinsu da gidan mai gari har suka amince, da sharaɗin a ba su fili. Garba ya yi ta ja da baya, amma Sharifa ta tsaya masa a kai sai da ya ba da filin bayan gidansu. Tana da dalilinta, kowa a gidan ya san shi, ba mai furtawa. Ɗansu na fari, Muttaka, direban motar kaya ne. Wata damina da ta wuce ya ɗauki masara ya nufi kasuwar Kagara, daga shi har motar ba a sake jin ɗuriyarsu ba. An nema har an gaji. Sharifa ta sa a ranta cewa duk inda yake, wata rana zai sami waya ya kira lambarta, kuma ba ta son ranar ta zo ta tarar da wayar a kurmance.

Masu aikin suka zo ƙarƙashin wani injiniya mai suna Abdulwasiu. Suka kafa ƙarfen, dogo, ya zarce duk bishiyoyin garin, suka jera farantan sola a gindinsa. Abu ɗaya ya tsaya musu. Suna buƙatar rami mai zurfi da za su kafa sandar jan ƙarfe, wadda ke karɓar tsawa daga saman ƙarfen ta kai ta cikin ƙasa, wurin kuwa duk dutse ne a shimfiɗe, diga ba ta cinsa. Na'ima ta tuna da wata tsohuwar rijiya a cikin ciyawa, kusa da wurin, wadda suka tarar a rufe da faffaɗan dutse tun ranar da suka sayi filin. Ta nuna musu. Suka banƙare dutsen da ƙarafa, suka leƙa, ta ƙafe sai ɗan danshi a ƙasa. Abdulwasiu ya ji daɗi, ya ce ta rage musu aiki. Suka buga sandar a tsakiyar rijiyar, suka zazzage mata buhunan gishiri da gawayi kamar yadda aikin yake buƙata, suka mayar da dutsen suka rufe. Daga baya an tambayi duk wanda ya tsaya a wurin, ba wanda ya tuna ya ji an yi bisimilla.

Garin ya canza cikin ɗan lokaci. Manoma suka riƙa jin farashin doya a Paiko da Minna kafin su loda mota. Yara masu neman jami'a suka daina kwana a hanya don yin rajista. Martha, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin kuma maƙwabciyar su Sharifa, ta riƙa tura wa likita hoton ciwo a birni, tana samun amsa kafin majinyaci ya tashi daga benci. Na'ima ta buɗe shago a zauren gidansu tana sayar da katin data, tana koya wa mata yadda za su yi magana da 'ya'yansu na nesa suna ganin fuskarsu. Sharifa kuwa ta ɗinka wa wayarta 'yar jaka ta rataya a wuya, ko rafi za ta tana tare da ita.

Ana cikin wannan jin daɗin ne jifan ya fara.

Washegari da almuru ya dawo, haka kuma ranar da ta biyo. Garba ya tara maza suka kewaye gidan da fitilu, wasu suka hau bishiyar mangwaro, wasu suka tsaya a bakin gona. Duwatsun ba daga gabas suke zuwa ba, ba daga yamma ba. Daga sama suke sauka a miƙe, kuma ba su taɓa samun mutum ba. Sai abin ya shigo cikin gida. Sharifa za ta ɗebo ruwa mai daɗi daga burtsatse ta zuba a randa, kafin la'asar ya koma ruwan gishiri. Miyar da ba ta sa wa komai ba ta yi zartsi har ba ta ciwuwa. Da safe sai su tarar da shatin hannu na gawayi a bangon ɗakin Na'ima, ƙananan tafuka masu dogayen yatsu, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mutum. Sharifa ta wanke, su dawo, kuma kowace safiya sun ɗan ƙara matsowa kusa da ƙofa.

Sannan muryoyi suka biyo. Idan gari ya yi shiru tsakanin magariba da isha, daga wajen ƙarfen sai a ji tarin wani tsoho, tari mai tsawo mai ja daga ƙirji, da muryar mace tana lallashinsa ƙasa-ƙasa. Garba ya sha fita da tocila. Ba ya tarar da komai sai ƙarfen a tsaye, jar fitilarsa tana ƙiftawa can sama, ciyawa ko motsi ba ta yi.

Na'ima ta fara da ƙin abinci. Ita da aka sani da surutu, masu zuwa shago suka ga ta koma mai kallon bango. Tana cikin nuna wa mutum abu a waya sai ta tsaya, ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Idanunta suka yi ja suna zubar da ruwa, tana murza su tana cewa yaji suke mata. Wata ranar Laraba da almuru, tana alwala a bakin rariya, butar ta suɓuce mata, ta faɗi a gefe guda, jikinta ya sandare. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar tsohuwa ce, busasshiya, da wani yare da ba wanda ya taɓa ji a bakinta.

Sharifa ta leƙa ta katanga ta kira Martha. Martha ta zo da jakar aikinta, ta auna zafin jiki, ta ɗebi jini a yatsa, ba ta ga zazzaɓi ba. Tana cikin tattara kayanta sai ta tsaya, hannunta a cikin jaka, tana sauraro. Ta ce wannan yaren Gbagyi ne, amma irin na da, wanda rabonta da jinsa tun kakarta tana raye, ko ita ba duka take ganewa ba.

"Me take cewa?" in ji Sharifa.

Martha ta zare hannunta daga jakar.

"Cewa take, idanunsa. Kun ƙone masa idanu."

Duk da haka Martha ta dage sai an kai Na'ima babban asibiti. Aka kai ta Minna, likitoci suka yi gwaje-gwajensu ba su ga komai ba. A can Na'ima garau take, tana ci tana dariya, ba ta tuna abin da ya faru. Ranar da aka dawo da ita, motar tana shan kwanar da ake hango ƙarfen, ta sa hannu ta rufe ido ta fara nishi.

Magana ta bazu. Mutane suka daina zuwa shagon, masu niƙa suka koma kai hatsinsu wani gari. Aka yi zama a ƙofar gidan mai gari, wasu dattawa suka ce kafa ƙarfen nan ne ya tsokano abin da ke kwance, a kira masu shi su kwance kayansu. Martha ce kaɗai macen da ta yi magana a wurin. Ta tuna musu matar da haihuwa ta zo wa a gicciye kwanan baya, wadda ba don ta samu likita a waya ya yi ta gaya mata abin da za ta yi har mota ta iso ba, da yanzu ana zaman makokinta. Aka tashi ba a yanke komai ba, sai dai mai gari ya ja Garba gefe ya ce ya nemi mafita kafin kasuwa mai zuwa, in ba haka ba, ba zai iya tare mutane ba.

Garba ya koma gida ya tarar da Sharifa zaune a ƙofar ɗakin Na'ima, hannunta ɗaya a kan jakar wayar da ke wuyanta. Ya gaya mata abin da aka ce. Ba ta ce a tumɓuke ƙarfen ba, ba ta ce a bar shi ba. Ya gane cewa duk wanda ta faɗa, ji za ta yi kamar ta saki hannun ɗa guda. Da aka yi sallar asuba ya hau babur ya nufi Minna.

Wanda ya ɗauko shi ne Malam Ndagi, wani dattijo mutumin Bida da ke karantarwa a zaurensa a unguwar Kpakungu, abokin marigayi mahaifin Garba. Ƙaramin mutum ne, ba ya ɗaga murya, Hausarsa tana da karin Nufanci. Bai riƙo laya ko ƙaho ba, sai Alƙur'ani a jakar fata da ganyen magarya a leda. Da suka iso bai nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ya ce a ba shi ruwan randa, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya tofar. Ya tambayi abin da aka gina, abin da aka haƙa, abin da aka sare a gidan cikin shekarar. Da Garba ya ambaci rijiyar, malamin ya ce a kai shi. Ya tsaya a gefen dutsen da aka mayar, ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya yi shiru yana jira. Garba ya rantse daga baya cewa ya ji tarin nan daga ƙarƙashin ƙafafunsu, da rana tsaka.

Bayan sallar magariba aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Na'ima. Malamin ya ce kada a tara jama'a: uba, uwa, sai Martha saboda yaren, ita kuma ta ce za ta zauna ta yi tata addu'ar a zuci. Aka kwantar da Na'ima aka lulluɓe ta da zane har wuya. An daka magarya an jiƙa a ƙwarya. Malamin ya zauna daga wajen kanta ya fara karatu a hankali.

Ya karanta Fatiha, ya shiga Baƙara. Fitilar sola da ke rataye a bango ta dusashe ta koma ja. A kan kwano duwatsu suka fara sauka, yau ba hutawa, kamar ana ƙanƙara. Malamin bai ɗaga kai ba, bai ƙara sauri ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu ya yi ta maimaita ta, yana yayyafa ruwan magaryar a fuskar yarinyar, sai jifan ya ɗauke gaba ɗaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi. Na'ima ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, bayanta ya ranƙwafa kamar na tsohuwa tukuf, ta juyo da jajayen idanu ta dubi malamin, ta fara magana da yaren nan.

Malamin ya ce mata ya san tana jin Hausa, ta daɗe tana maƙwabtaka da masu yin ta, ta yi magana yadda iyayen yarinya za su ji.

"Ina ji," in ji muryar. "Ka daina watsa mini ruwan nan, Banufe. Ƙunar da nake ciki ta ishe ni."

Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba zai amfane shi da komai ba. Ya tambaye ta abin da ya kawo ta jikin baiwar Allah. Sai ta ba da labari, tana yi tana tsayawa, muryar tana karcewa kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Ta ce a rijiyar nan suke ita da mijinta tun mutanen da suka haƙa ta suna raye, tun kafin jirgin ƙasa ya yi kukansa na farko a Minna. Waɗancan mutanen sun san da su, da rijiyar ta ƙafe suka rufe musu ita suka tafi. 'Ya'yansu duk sun watse cikin duniya, saura su biyu, shi kuma ya tsufa har ba ya iya tashi. Ko akuyar wani ba su taɓa firgitawa ba. Rana ɗaya aka yaye musu rufi, aka soko ƙarfe ya bi ta cinyar tsohon ya kafe shi da ƙasa, aka zubo gishiri ya cika masa idanu. Tun ranar, duk tsawar da aka yi a sama a cikin ɗakinsu take sauka.

"Wannan ce ta nuna," ta ce, ta ɗaga hannun Na'ima ta daki ƙirjin Na'ima da shi. "Da yatsan nan. Idanunta nake so, in ba shi."

Garba ya yunƙura, malamin ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Malam Ndagi ya ce an cuce su, bai musa ba, kuma za a gyara. Amma yarinyar ba ta gan su ba, ba ta san da su ba, kuma Ubangijin da ya halicci mutum da aljan ya haramta zalunci a tsakaninsu, gabansa za su tsaya su duka. Ta ce to a tumɓuke ƙarfen gaba ɗaya. Ya ce ƙarfen ba a ɗakinta yake ba, sandar ce a ɗakinta, kuma akwai marasa lafiyar da ke rayuwa ta dalilinsa. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru a bakin rijiyar. Ya ce ko ɗigon jinin kaza ba za a zubar don wanin Allah ba, ya ɗauki ƙwaryar ya ci gaba da karatu. Jikin Na'ima ya yi ta murɗewa, muryar tana kuka tana roƙon ya dakata. Ya dakata.

Sai idanun suka bar malamin, suka zagaya ɗakin a hankali, suka sauka kan Sharifa. Fuskar ta saki. Bakin ya buɗe, muryar da ta fito ta namiji ce, matashi, mai 'yar in'ina a farkon kalma, wadda duk wanda ke ɗakin ban da malamin ya sani.

"Inna. Inna, kina jina?"

Sharifa ba ta san lokacin da ta rarrafa ta isa bakin tabarmar ba. Garba ya dafa bango.

Muryar tsohuwar ta dawo, yanzu da taushi. Ta ce tun da aka kafa ƙarfen nan maganganun mutane suke ratsa ɗakinta safe da yamma, ba abin da ba ta ji, kuma danginta suna yawo har dazuzzukan da mutum ba ya shiga. Ta san inda Muttaka yake. Ta san ko yana numfashi ko ba ya yi.

"Ki bar mini wannan zuwa kaka kawai, ta taya ni jinyar tsoho. Ni kuma in gaya miki yanzu."

Malamin bai yi tsawa ba. Ya juya ya dubi Sharifa, ya ce mata aljani yana iya kwaikwayon duk muryar da ya taɓa ji, wannan kuwa ta ji muryar Muttaka shekara da shekaru ta bayan katanga. Sanin gaibu ba na aljanar ba ne. Ko ta faɗi wata gaskiya, sai ta cuɗa ta da ƙarya yadda ba mai iya rarrabewa. Ya ce amma shi ba zai iya toshe mata kunne ba, ita ce uwa.

Bakin Na'ima ya sake motsi, muryar saurayin ta sake kiran Inna, ta fara jan wata kalma kamar sunan gari. Sharifa ta miƙa hannu, ta ɗora tafinta a kan bakin 'yarta ta danne. Hawaye yana bin haɓarta yana ɗiga kan zanen. Ana jin muryar tana motsi a ƙarƙashin tafin tana neman hanya. Ba ta ɗaga ba.

"Wannan ce Allah ya bar mini a hannu," ta ce. "Shi yana inda Allah ya san da shi. Malam, ci gaba."

Ya ci gaba. Yana cikin Falaƙi da Nasi aka kira isha a masallaci, jikin yarinyar ya yi laushi. Da Sharifa ta janye hannunta, muryar tsohuwar ce ta fito, a gajiye, ba sauran faɗa a cikinta. Ta ce ta ji, za ta fita. Amma wurin ya riga ya lalace, gishiri ya ratsa bango, ko an cire sandar ba zai zaunu ba. Abin da take roƙo shi ne a zare ƙarfen daga jikin tsohon, a kwara ruwa mai daɗi ya wanke masa ido, a bar rijiyar a buɗe har faɗuwar rana, kuma kada kowa ya tsaya a hanyar rafi. Za ta goya shi su tafi.

Malamin ya ce wannan haƙƙinta ne. Ya dubi Garba, Garba ya ce ya ɗauki alkawari. Aka sa aljanar ta rantse da wanda ya halicce ta daga wuta cewa ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ba za ta taɓa kowa a garin ba. Ta rantse. Malamin ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu, kada ta bi ta ido ko kunne. Ƙafar ta miƙe tana karkarwa, yatsan ya lanƙwashe, ya saki. Na'ima ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido ta tambaya da muryarta ta gaskiya me ya sa Anti Martha take kuka.

Abdulwasiu bai so ba da aka kira shi. Ya ce sai an kashe sabis na wasu kwanaki, sai an ɗauko injin fasa dutse, kuma bai san yadda zai yi wa ofis bayani ba. Na'ima ta karɓi wayar, muryarta a dishe, ta ce ya zo kawai, samarin garin za su yi haƙar. Ya zo. Aka fasa sabon rami can gabas da ƙarfen, bayan malamin ya sa an yi bisimilla, an yi sallama, an roƙi duk mai zaune a wurin ya matsa. Sannan aka ɗaga dutsen rijiyar. Ƙarti suka kama sandar suna ja, ta ƙi motsi. Sai da malamin ya dafa ta ya yi karatu, ta zaro da sauƙi kamar daga cikin laka, wani dogon nishi ya biyo ta daga ƙasa wanda ya sa masu jan suka ja da baya. Abdulwasiu ya juya ƙarshen sandar a hannunsa, ya daɗe yana kallo, ya naɗe ta a buhu. Mata suka yi ta jido ruwa daga burtsatse ana kwarawa. Aka bar rijiyar a buɗe, mai gari ya sa aka yi shela kada kowa ya bi hanyar rafi ranar.

Da rana ta faɗi, Garba da iyalinsa suna zaune a tsakar gida, ba wanda ya kunna fitila. Garin duka ya yi shiru, ko kare bai yi haushi ba. Sai suka ji motsi a bayan katanga. Ƙarar ƙorai suna gugar juna, kamar an ɗaure kayan ɗaki a zane. Takun ƙafa mai nauyi, mai ja. Da tarin tsohon, yanzu ba daga ƙasa ba, daga ɗan sama kaɗan, daidai inda kan goyo yake kaiwa. Tafiyar ta bi jikin katangar a hankali, ta zo daidai inda Sharifa take zaune, ta tsaya.

Garba ya fara karanta abin da ya zo bakinsa. Na'ima ta riƙe gefen zanen uwarta. Sharifa ta juya ta fuskanci bangon, ta yi magana yadda ake yi wa maƙwabciya.

"Ba mu sani ba. Ku yafe mu. Allah ya ba shi sauƙi."

Ba a amsa ba. An ɗan jima, sannan takun ya ci gaba, ya shiga gonar dawa, ganye yana ƙara, yana nisa, har ya haɗe da kukan kwaɗin rafi.

Aka cike rijiyar da ƙasa. Sabis ya dawo, mutane suka dawo shagon da kaɗan-kaɗan, Na'ima ta koma aikinta, ko da yake idanunta ba su ƙara jure hasken kwamfuta ba sai da tabarau. Labarin Muttaka bai zo ba, Sharifa kuma ba ta taɓa gaya wa kowa kalmar da ta ji tana motsi a ƙarƙashin tafinta ba.

Garba ne kaɗai ya ga hanyar da suka bi. Da ya shiga gonarsa ya tarar da wani siririn layi inda karan dawa ya kwanta, daga bakin rijiya zuwa rafi. Tafiya ce 'yar gajeriya. Amma a kan layin, nan da can, akwai wurare masu faɗi inda dawar ta kwanta a zagaye, inda aka sauke kaya mai nauyi aka huta, aka sake ɗauka. Suna da yawa, kuma suna ƙara kusantar juna yayin da ake dosar ruwa. A na ƙarshe, a bakin rafin, akwai shatin gwiwoyi biyu a cikin laka. Ya daɗe a tsaye a wurin.

Da kaka ta yi aka zo girbi, ya hana kowa sa lauje a wannan layin. Ya bar wa tsuntsaye.